Kafin a Jefa Taru a Tsakiyar Tekun Aktik

Idan masu bincike suka huda ƙanƙarar da ta rufe Tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, a watan Mayu, suka zaro dogon yanki nata mai siffar taɓarya, gindinsa suke fara dubawa. Sama fari fat, tsakiya kamar gilashin da ya yi hazo, amma can ƙasa, daidai inda ƙanƙarar ke shafar ruwa, akwai wani ɗan shafi ruwan ƙasa wanda kaurinsa bai wuce faɗin yatsa biyu ko uku ba. Wanda bai sani ba zai ce dauɗa ce. Sai an narkar da shi a hankali, an ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sannan ido zai ga abin da ke ciki: ƙananan halittu birjik, wasu kamar allura, wasu kamar kwalekwale, wasu sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar haƙoran mataji. Kowace ɗaya rai ce mai zaman kanta, ƙwayar halitta guda tak, a cikin ƙoƙon da ta gina wa kanta da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Dangin gansakuka ne. Masana na kiran su dayatom.

A ganina wannan ɗan shafi ruwan ƙasa shi ya kamata ya raba gardama kan tambayar da ke jiran manyan ƙasashe nan da shekarar 2037, lokacin da wa'adin yarjejeniyar da ta hana kamun kifi na kasuwanci a wurin zai cika: a buɗe tsakiyar Tekun Aktik ga jiragen kamun kifi, ko a bar shi a rufe? Ni dai ra'ayina a bar shi a rufe, kuma a gyara dokar yadda ƙasa ɗaya ba za ta iya buɗe shi don raɗin kanta ba.

Ba yau aka fara ganin gansakukar nan ba. A tafiyar da James Clark Ross ya jagoranta zuwa Antaktika tsakanin 1839 da 1843, wani matashin masanin tsirrai da ke cikin ayarin, Joseph Hooker, ya lura ƙanƙarar da jirginsu ke fasawa ta rine, ya ɗebi samfuri, aka tarar dayatom ne. Sai dai sanin yadda suke rayuwa a ciki ya jima bai samu ba, kuma har gobe ana kan tonowa.

Ruwan teku ba ya daskarewa kamar ruwan sha. Sai sanyi ya kai kusan digiri 1.8 ƙasa da sifili yake fara kamawa, kuma in ya kama, ruwan zalla ne ke zama ƙanƙara, gishirin kuwa ture shi ake yi gefe. Sai ya taru a ƴan ramuka da siraran hanyoyi, wasu ko kaurin silin gashi ba su kai ba, waɗanda suka ratsa ƙanƙarar kamar jijiyoyi. Ruwan da ke cikinsu ba ya daskarewa saboda yawan gishiri. Can sama, inda sanyi ya fi ƙuna, yakan ninka gishirin teku sau uku ko huɗu. Sanyi mai fasa ƙwayar halitta, gishiri mai tsotse ruwan jiki, duhu na watanni: a nan waɗannan halittu suka yi gida.

Wadda aka fi sani a cikinsu sunanta Fragilariopsis cylindrus, kuma ana samunta a ƙanƙarar arewa da ta kudu duka. Sai an jera gommai kafin a cike milimita ɗaya. Tana fitar da wani furotin da ke manne wa ƙwayoyin ƙanƙara ya hana su girma har su soke ta, tana kuma lulluɓe kanta da wani yauƙi da ke kare ta daga gishiri. Wannan yauƙi na dayatom har fasalin ramukan ƙanƙarar yake sauyawa, ya sa su ƙara lanƙwasa da riƙe ruwa. Wato ba shiga ɗakin kawai take yi ta zauna ba, gyara shi take yi ya dace da ita. A 2017, Thomas Mock na Jami'ar East Anglia da ke Ingila da abokan aikinsa suka wallafa kundin ƙwayoyin gadonta. Suka tarar a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kundin, kwafi biyun da take ɗauke da su sun sha bamban da juna ƙwarai, kuma takan kunna wannan ko wancan gwargwadon halin da ta shiga: duhu, daskarewa, ko ƙarancin sinadarin ƙarfe a ruwa. Kamar mai riguna biyu ne, ta zafi da ta sanyi, kowacce da ranarta. A 2025 kuma masu bincike daga Jami'ar Stanford a Amurka, da suka ɗebo ƙanƙara daga Tekun Chukchi, suka nuna wasu dayatom na ƙanƙara suna silalawa a kan yauƙinsu, suna tafiya, har a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili. Ba a taɓa ganin ƙwayar halitta mai irin ginin tamu tana motsi a sanyin da ya kai haka ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen haske. A watan Satumba na 2019, jirgin bincike na Jamus mai suna Polarstern ya tafi arewa, aka bar shi da gangan ya daskare cikin ƙanƙara, ta yi ta yawo da shi kusan shekara guda. Sunan aikin MOSAiC. Suna can wajen layin digiri 88 na arewa, ƴar tazara kaɗan da ƙuryar duniya, Clara Hoppe da abokan aikinta suka riƙa auna hasken da ke ratsa dusar ƙanƙara da ƙanƙarar, suna kuma auna gansakukar da ke ciki da ƙarƙashi. A ƙarshen Maris, rana ta ɗan leƙo ke nan bayan watanni ba a gan ta ba, sai suka ga gansakukar ta fara girma. Hasken da ya isa gare ta a lokacin bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari na hasken rana tsaka a fili ba. Da wannan ɗan haske ta tashi ta kama aikin haɗa abinci.

Duk sanda na tuna wannan sai in ji jikina ya yi sanyi. Halittar da ido ba ya gani ta kwana wata da watanni a duhu, ta rage numfashinta, ta riƙe kayan aikinta a shirye, tana jiran ɗigon haske. Wanda ya ga haka ya ce wurin fanko ne, bai duba da kyau ba.

Kuma saurin tashin nata shi ne gaba ɗaya muhimmancinta. A lokacin da take girma, ruwan teku a rufe yake, gansakukar da ke yawo cikin ruwa ba ta samu hasken da zai ishe ta ba, sai bayan makonni, in ƙanƙara ta fara tsagewa. Saboda haka abin da ke gindin ƙanƙara shi ne abincin farko bayan dogon dare. Akwai wani ƙwaron ruwa, Calanus glacialis, tsawonsa ƴan milimitoci, wanda ke kwana a zurfi duk tsawon hunturu. Matansa na tasowa daidai lokacin, su ci gansakukar ƙanƙara mai yawan mai, su sami ƙarfin zuba ƙwai. Kafin ƴaƴan su ƙyanƙyashe su kai munzalin ci, ƙanƙara ta buɗe, gansakukar ruwa ta yi yabanya, sai su tarar da nasu rabon. Girbi biyu ne, ɗaya na uwa, ɗaya na ɗa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce rayuwar ƙwaron. Ƙwaron nan shi ƙaramin kifin kod na Aktik ke ci, kifin da ƙananansa ke fakewa a tsagogin ƙanƙara. Kifin kuma shi karnukan ruwa na sil da tsuntsayen teku da farin wel ke ci. Sil ɗin shi farin beyar ke farauta.

Wannan ba hasashe ba ne. Wasu dayatom na ƙanƙara na ƙera wani mai na musamman wanda ba a samunsa a gansakukar ruwa, kuma yakan bi abinci daga ciki zuwa ciki ba tare da ya ɓace ba. Da aka bi sawunsa a hantar fararen beyar, a wani bincike da aka wallafa a 2018, sai aka tarar a tsakaice kashi 86 cikin ɗari na kabon ɗin abincin da suka samu daga teku tushensa gansakukar ƙanƙara ne. Dabbar da namijinta kan haura kilo 400, ashe a kan abin da ba ya cike bakin allura take tsaye. A tsakiyar tekun kuma, inda ƙanƙara ke daɗewa, ayarin da ya ratsa Aktik a 1994 ya auna cewa fiye da rabin abincin da tsirrai ke haɗawa a wurin daga ƙanƙara yake fitowa.

Har ƙasan teku rabon ke kaiwa. Wata dayatom ɗin, Melosira arctica, takan haɗa kanta sarƙa-sarƙa, ta rataya a ƙarƙashin ƙanƙara kamar labule, tsawon mitoci. A bazarar 2012, shekarar da ƙanƙarar Aktik ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta tun da tauraron ɗan'adam ya fara aunawa a 1979, Antje Boetius da ayarinta suka saukar da kyamara zuwa zurfin mita dubu huɗu. Suka ga ƙasan tekun a warwatse da curi-curin Melosira ɗanye shar, waɗanda ƙanƙara ta saki da ta narke. Dabbobin ƙasan teku sun taru suna ci, cikinsu cike. A ƙarƙashin curin kuwa ƙwayoyin bakteriya sun cinye iskar shaƙa da ke cikin laka ƙarƙaf. Narkewar bazara ɗaya ta sauya ƙasan teku mai zurfin kilomita huɗu. Daga baya, a 2023, Melanie Bergmann ta nuna irin wannan curi na ɗauke da ɓurɓushin roba kusan ninki goma na ruwan da ke kewaye da shi. Sharar da muka zubar ta riga tarunmu isa wurin.

To gidan wannan halitta shi ke rushewa. Tun 1979 yankin Aktik ke ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Faɗin ƙanƙarar watan Satumba na raguwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari duk shekara goma. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne tsufanta. A 1985, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar ta haura shekara huɗu. Zuwa 2019 irin wannan tsohuwa ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. Tsohuwar ƙanƙara ta fi sabuwa yawan nau'o'in dayatom, kuma ita ce rumbun iri: daga gare ta sabuwar da ta daskare a gefenta ke samun masu zama. Idan komai ya narke a bazara, sai a fara daga tushe duk shekara.

Akwai masu cewa ai wannan duk kukan banza ne, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Ƙanƙara in ta yi siriri haske ya fi ratsa ta. Ruwa in ya buɗe gansakukar ruwa ta fi samun rana. Binciken da Kate Lewis da Kevin Arrigo suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna abincin da gansakukar ruwa ke haɗawa a Tekun Aktik ya ƙaru da kashi 57 cikin ɗari daga 1998 zuwa 2018. Kifin kod na Atlantika ya matsa arewa a Tekun Barents. Sai su ce: ga teku na ƙara albarka, kifi na tahowa, me ya sa za a hana mutane ci saboda wata gansakuka?

Na yarda da alƙaluman, ban yarda da abin da ake ɗorawa a kansu ba. Yawancin ƙaruwar a gefe-gefe take, a ruwa mara zurfi, musamman mashigar Atlantika da ta Fasifik, inda igiyar ruwa ke kawo sinadaran da tsirrai ke buƙata. Tsakiyar tekun wani abu ne dabam. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara da na manyan kogunan Saiberiya, da yake ba shi da nauyin ruwan gishiri, kwanciya yake a sama kamar murfi, ya hana sinadaran da ke zurfi tasowa. Ko an ba shi rana, ƙasar ba ta da taki. Sannan yawa ba ya maye gurbin lokaci. Idan ƙanƙara ta fashe da wuri, girbin uwa ya gajarta, na ɗa kuma ya zo ya wuce kafin ɗan ya isa ci. Ƙwarin ruwan da ke shigowa daga Atlantika sun fi na Aktik ƙanƙanta, man jikinsu bai kai nasu ba. Tsuntsun da ke buƙatar mai don ya tsallake hunturu ba zai ƙoshi da lissafin tan-tan na shekara ba. Kuma da masu binciken MOSAiC suka saurari zurfin tsakiyar tekun da na'urar amo, suka jefa ƙugiya, sun tarar da ƴan kifayen kod na Atlantika jefi-jefi, abin da ya ba su mamaki, amma adadin kifin ƙanƙani ne ƙwarai. Ɗan abin da ke akwai shi sil da sauran dabbobin wurin ke rayuwa a kai.

Yanzu ga batun dokar. Bisa dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, ikon kowace ƙasa kan kifi yana ƙarewa a mil 200 na teku daga gaɓarta. Abin da ya wuce nan buɗaɗɗen teku ne, kowace ƙasa na da haƙƙi a cikinsa, har wadda ba ta da gaɓa. A tsakiyar Aktik akwai irin wannan fili mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 2.8, kusan girman Bahar Rum. Da can ƙanƙara ce mai gadinsa. Da aka ga mai gadin na janyewa, masana kimiyya sama da dubu biyu suka sa hannu kan wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2012, suna roƙon a hana kamun kifi a wurin har sai an san abin da ke ciki. A ranar 3 ga Oktoba 2018, a garin Ilulissat na Girinlan, ɓangarori goma suka rattaba hannu: Kanada, Amurka, Rasha, Norwe, Denmak a madadin Girinlan da tsibiran Faro, sai Sin, Japan, Koriya ta Kudu, Aislan da Tarayyar Turai. Yarjejeniyar ta fara aiki ranar 25 ga Yuni 2021, wa'adinta shekara 16. Ta hana kamun kifi na kasuwanci, ta kafa shirin bincike na haɗin gwiwa, ta kuma tanadi a yi la'akari da ilimin ƴan asalin yankin kamar Inuit. Abu ne da ba kasafai ɗan'adam ke yi ba: ya kame hannunsa tun bai kai ga taɓawa ba.

Sun yi hakan ne don sun ga abin da ya faru a maƙwabta. A tsakiyar Tekun Bering akwai wani ɗan buɗaɗɗen fili irin wannan, wanda ruwan Amurka da na Rasha suka kewaye. A shekarun 1980 jiragen ƙasashe da dama suka yi masa caa suna kwasar kifin folok, babu doka, babu ƙidaya. A 1989 abin da aka kama ya kai kimanin tan miliyan 1.4. Zuwa 1992 kifin ya kusa ƙarewa. Aka dakatar da kamu a 1993, aka ƙulla yarjejeniya a 1994, bayan aikin gama ya gama. Shekara talatin ke nan da ɗoriya, kifin bai dawo yadda za a sake buɗe wurin ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai dai yarjejeniyar Aktik na da wata kafa da ke hana ni sakin jiki. In wa'adin ya cika, za ta riƙa sabunta kanta shekara biyar-biyar, sai fa idan ɓangare ɗaya ya ce bai yarda ba. Ɗaya tak cikin goma. Wato tara na iya son a ci gaba da rufewa, na goman ya aika takarda, shi ke nan magana ta ƙare. Wanda ke ganin babu ƙasar da za ta yi haka, ya dubi kudu, wato tekun da ya kewaye Antaktika. A can, ƙananan jatan landen da ake kira kiril ke riƙe da komai, daga fengwin zuwa manyan wel, kuma ƴaƴan kiril a ƙarƙashin ƙanƙara suke fakewa su yi kiwo lokacin hunturu. Hukumar ƙasa da ƙasa ta kare halittun tekun Antaktika, CCAMLR, da ke zama a Hobart na Ostareliya ke kula da kamunsa, kuma ba ta zartar da komai sai kowa ya amince. Ta ƙayyade tan 620,000 a shekara a yankin da ake kamun, ta kuma yi wata doka da ta rarraba wannan adadi wuri-wuri don kada jirage su taru a gaban mazaunin fengwin su kwashe. A taron Oktoba 2024 aka kasa cimma matsaya, dokar rarrabawar ta mutu. A kakar da ta biyo baya jirage suka cike tan 620,000 ɗin tun farkon Agustan 2025, karo na farko a tarihi, aka rufe kamun watanni kafin lokaci. Ba wanda ya karya doka. An dai bar dokar ta faɗi, kuma hakan ya wadatar.

Shi ya sa nake cewa a juya ƙa'idar. Rufewa ta zama ita ce asali, mara wa'adi, buɗewa kuma ta buƙaci amincewar kowa, bayan hujjar kimiyya da aka baje a fili. Mai son ɗauka shi zai kawo shaida cewa ɗaukarsa ba za ta rusa wurin ba. Ba a ce wa gansakuka ta zo ta kare kanta.

Na san za a ce duniya na fama da yunwa, kuma kifi abinci ne. Maganar na da nauyi, ban raina ta ba. Amma a duba wa zai iya kai jirgi can. Tafiya ce ta dubban kilomitoci, da jirgi mai jure ƙanƙara, mai masana'anta a cikinsa. Ƙasashe ƙalilan masu hali ke da irinsa. Kiril ɗin da ake kwasa a kudu ma yawancinsa abincin kifin gona yake zama, ko ƙwayoyin man da ake sayarwa a matsayin ƙarin lafiya. Mayunwaci ba ya cikin lissafin. Waɗanda kuwa abincinsu ya dogara da wannan teku kai tsaye, wato Inuit na Alaska da Kanada da Girinlan da Chukotka, su ke farautar sil da wel ɗin da ke cin ɗan kifin kod. Taru a tsakiyar teku daga bakinsu zai ɗauke. Ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa na cikin waɗanda suka nemi a hana kamun tun farko.

Ba zan ɓoye raunin matsayina ba. Hana kamun kifi ba ya hana ƙanƙara narkewa. Dirk Notz da Julienne Stroeve sun lissafa a 2016 cewa duk tan ɗaya na iskar kabon dayoksaid da aka saki, a ko'ina a duniya, yana tafiya da kimanin murabba'in mita uku na ƙanƙarar Satumba. Muddin hayaƙin bai ragu ba, gidan dayatom zai ci gaba da tsukewa ko da ba a jefa ƙugiya ɗaya ba. Amma mara lafiyar da ake jinya ba a ɗora masa kaya. Ƙanƙarar hunturu za ta ci gaba da daskarewa shekaru masu yawa nan gaba, kuma muddin tana daskarewa akwai yabanyar bazara, akwai ƙwaro, akwai kifi. Abin da ya rage ya cancanci a bar shi ya nemi yadda zai daidaita. Haka nan jiragen dakon kaya: haramcin baƙin mai mai kauri a ruwan Aktik ya fara aiki a Yulin 2024, amma an bar wa jirage da yawa rangwame har 2029, alhali man da ya zube a ƙarƙashin ƙanƙara daidai wannan shafi ruwan ƙasa zai shafa, kuma kwashe shi daga can abu ne mai matuƙar wuya.

Ina kuma ɗari-ɗari da masu son gyara ƙanƙarar da injiniyanci. Wata ƙungiya a Amurka, Arctic Ice Project, ta shafe shekaru tana gwajin watsa ƙananan ƙwallayen gilashi a kan ƙanƙara don ta riƙa mayar da hasken rana. A farkon 2025 ta rufe aikin da kanta, bayan gwajinta ya nuna abin na iya cutar da halittun da ake ci a tekun. Na yaba musu da suka tsaya. Wasu na gwada tsotso ruwan teku su kwarara a kan ƙanƙara don ta ƙara kauri. Niyyarsu mai kyau ce, amma duk abin da ya taɓa dusar da ke sama ko kaurin ƙanƙarar, ya taɓa hasken da ke isa gindi, ga halittar da ke lissafin haskenta da kashi ɗaya cikin dubu ɗari. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Mai kallon ƙanƙara daga tauraron ɗan'adam farin faranti yake gani. Sai wanda ya zaro ta ya juya gindinta ya san akwai masu gida.

Ranar 25 ga Yuni 2037 wa'adin farko zai cika. Ɓangaren da ba ya son a ci gaba zai iya faɗa a taron ƙarshe kafin ranar, ko ya aika wa Kanada, mai ajiyar yarjejeniyar, takarda wata shida kafin nan, wato a ƙarshen Disambar 2036. Tsakanin yau da wannan rana akwai tarukan ɓangarorin goma, kamar wanda aka fara yi a Incheon na Koriya ta Kudu a 2022, kuma a nan ne za a iya toshe kafar tun ba a kai ga takardar ba. A ƙarshen Disamba tsakiyar Aktik na cikin duhu dare da rana. Sabuwar ƙanƙara na ƙara kauri, gishiri na taruwa a siraran hanyoyinta, dayatom kuma na lafe a ciki cikin yauƙinsu, saura wata uku rana ta leƙo.